Shekarar 19100 da sauran rikicin kwanan wata a tsofaffin burauza

Duk wanda ya taɓa zama a kafe yana yi wa mutane rajista ya san wannan abin. An ɗauke wuta, an tada janareta, ka kunna kwamfutar nan ta lungu wadda ta fi kowacce tsufa, ka buɗe burauza, sai kawai ta ƙi shiga ko'ina, duk shafin da ka taɓa sai jan gargaɗi ya fito wai haɗin ba amintacce ba ne. Mai aikin yana tsaye a kanka da takardunsa a leda yana cewa "Malam ko data ce ta ƙare?", ka duba data tana nan, ka zare modem ka mayar, shiru kake ji. Ranar da abin ya fara samuna sai da wani dattijo mai gyaran kwamfuta a layinmu ya leƙo, bai ma taɓa komai ba, ya nuna ƙasan allo ta hannun dama ya ce "ɗana duba kwanan watan nan". Ashe kwamfutar tana ganin muna Janairun wata shekara da ta wuce tun tuni. Akwai wani ɗan batiri mai kama da kwabo a cikin akwatin kwamfuta, CR2032 ake ce masa, shi ke riƙe agogo idan babu wuta, in ya mutu to duk sanda aka kashe kwamfutar sai ta koma ranar da aka ƙera ta.

Abin da na fahimta tun daga ranar, kuma shi ne tushen duk maganar da zan yi, burauza ba ta san yau wace rana ba ce. Na'urar da take kai take tambaya, in aka yi mata ƙarya ta ɗauka. Haka in shafi ya miƙo mata kwanan wata a rubuce, sau da yawa cinta take yi. Kuma kurakuran da aka tafka a farkon zamanin intanet wajen wannan lissafi yawancinsu ba a cire su ba, gefensu kawai aka gina sabo aka bar tsohon a wurin.

A 1995 ne Brendan Eich na kamfanin Netscape mai yin burauza ya haɗa harshen JavaScript, wanda shi ne ke sa shafin intanet ya yi motsi, ya duba fom, ya nuna agogo da sauransu. Cikin kwana goma ya yi samfurin farko, kuma umarnin da aka ba shi shi ne ya sa abin ya yi kama da wani harshen kwamfuta mai suna Java wanda a lokacin shi ake yayi. To da aka zo ɓangaren kwanan wata babu lokacin zama a yi tunani, sai aka kwafo na Java kusan yadda yake, shi kuma na Java ya gaji ɗabi'unsa daga harshen C na shekarun 70. Abin da ya fi ba ni takaici, su mutanen Java ɗin da kansu a 1997 sun gane abin bai yi ba, suka sanya wa yawancinsa alamar a daina amfani da shi suka kawo wani tsari, amma JavaScript ya riga ya bazu cikin shafuka da burauzoji, ba mai iya janyo shi.

A can ciki lissafin ba shi da laifi. Burauza tana ƙirga milisakan ne, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan, tun daga 1 ga Janairu 1970 da ƙarfe sha biyun dare agogon GMT, lamba ɗaya ce doguwa, kuma tana iya kaiwa kwana miliyan 100 gaba ko baya. Rikicin yana wajen juya wannan lambar ta zama abin da mutum zai karanta, da kuma juya abin da mutum ya rubuta ya zama lambar.

Ka ɗauki shekara. Akwai umarni mai suna getYear, kana jin sunan ka san shekara zai ba ka, amma a 1998 abin da yake bayarwa 98 ne. Masu shafuka suka ce ai ba matsala, sai su rubuta "19" su manna 98 a gabansa, ga 1998. Wasu kuma suka fi ganewa, suka ce a'a abin nan shekara ce aka cire mata 1900, don haka sai su tara masa 1900. Duka biyun suna aiki lafiya lau har daren 31 ga Disamba 1999. Da gari ya waye, Netscape na wannan lokacin ya bi lissafi, 2000 a cire 1900 saura 100, sai masu manna "19" suka wayi gari shafinsu yana cewa 19100. Shi kuma Internet Explorer na Microsoft ya bi wata hanyar daban, da shekara ta fita daga 1900 zuwa 1999 sai ya ba ka ita cikakkiya, 2000, to mai manna "19" ya samu 192000, mai tara 1900 wanda shi ne ya yi daidai bisa ƙa'ida ya samu 3900. Kaga ke nan babu hanyar da za ka bi a cikin biyun nan ka tsira a duka burauzojin. Har shafin cibiyar duban taurari ta sojojin ruwan Amurka, su da ke riƙe da agogon ƙasar a hukumance, sai da ya nuna 19100 a wannan safiyar.

Mutane da yawa suna cewa matsalar shekarar 2000 zuzutawa ce kawai tunda jirage ba su faɗo ba. Ni ban yarda da wannan ba, an kashe shekaru ana gyara manyan tsare-tsare na bankuna da gwamnatoci shi ya sa ba a ga ɓarna ba, ƙananan shafukan da ba wanda ya duba su ne suka nuna abin da zai faru da an yi sake.

Gyaran da aka yi kala biyu ne. Na gaggawa shi ne wanda za ka gani a tsofaffin shafuka har yanzu, a karɓi abin da getYear ya bayar, in bai kai 1000 ba a tara masa 1900, in ya kai a bar shi haka. Na dindindin kuwa tun kafin 2000 ɗin ma yana nan, domin ƙa'idar JavaScript, wadda ake kira ECMAScript, ta farko da ta fito a 1997 ta kawo getFullYear mai bayar da lambobi huɗu, matsalar dai mutane sun riga sun kwafi tsohon salon daga littattafai da shafukan juna, kuma akwai masu tsoron in suka sa sabon, masu tsohuwar burauza ba za su ga komai ba. Shi getYear ɗin fa ba a cire shi ba. Yau ka buɗe Chrome ko Firefox ka tambaye shi shekarar 2025 zai ce maka 125. Haka in ka ce a haɗa maka kwanan wata ka ba da shekara 50 kawai, 1950 za ka samu. Masu tsara ƙa'idar suna da abu ɗaya da suke riƙe da shi gam, kada a karya shafin da yake aiki, don akwai shafuka bila adadin da masu su sun mutu ko sun manta da su amma mutane na shiga, kuma burauzar da ta fara karya su ita za a zaga a guje ta. Na fahimci hujjar kuma ina ganin tana da ƙarfi, sai dai kuɗinta shi ne duk yaron da ya fara koyon wannan aiki sai ya taka ramukan da aka haƙa kafin a haife shi.

Na biyu a ramukan shi ne wata. A JavaScript Janairu 0 ne, Fabrairu 1, Disamba 11, amma ranakun wata daga 1 suke farawa kamar yadda kowa ya sani. Daga C aka gado shi, inda ake amfani da lambar wajen zaƙulo sunan watan daga jeri. Wanda bai sani ba ya rubuta 12 yana nufin Disamba, burauza ba za ta ce masa kul ba, sai ta tsallaka da shi Janairun shekara mai zuwa ta yi shiru. Wannan halin tsallakawar ya fi ciwo a ƙarshen wata, yau 31 ga Janairu ka ce a mayar da watan Fabrairu, babu 31 ga Fabrairu, sai ta ƙirga gaba ta sauke ka 3 ga Maris, ko 2 ga Maris in shekarar Fabrairu mai kwana 29 ce. Mai shafin ya gwada aikinsa ranar 10 ga wata komai daidai, ya miƙa ya karɓi kuɗinsa, sai ranar 29 ko 30 ko 31 a fara kira, kafin ya zo dubawa wata ya kama, matsalar ta ɓace da kanta.

Akwai ma wani da ya fi wannan ɓoyewa. Mutum ya cike fom ya sa wata "08", shafin ya kira parseInt don ya mayar da rubutun lamba. Tsofaffin burauza in suka ga sifili a gaba sai su ɗauka lissafin tushe takwas ake nufi, wanda lambobinsa daga 0 zuwa 7 suke, don haka "01" har "07" suna fita daidai, "10" zuwa sama ma daidai, amma "08" da "09" sai su koma 0. Wato shafi zai yi wata bakwai cur ba ƙorafi, Agusta na kamawa ya rikice, ya ci gaba da rikicewa har Satumba, Oktoba ya warke. Maganinsa ƙarami ne, ka gaya wa parseInt ƙarara cewa tushe goma kake so, kuma ƙa'idar 2009 ta soke wannan ɗabi'ar, amma Internet Explorer 8 da ya daɗe a ofisoshi da kafe-kafe ya ci gaba da ita.

Inda abin ya fi faɗi shi ne karanta kwanan wata daga rubutu. Shekara da shekaru ƙa'ida ba ta faɗi wane salo dole burauza ta gane ba, kowane kamfani ya yi abin da ya ga dama. Mu a Najeriya da Nijar rana muke fara rubutawa, sannan wata, sannan shekara, 03/04/2010 a wurinmu 3 ga Afrilu ne. Burauzojin nan a Amurka aka rubuta su, su kuma wata suke farawa da shi, sai ta karanta 4 ga Maris. In ranar ta wuce 12, misali 25/04/2010, nan ma sai abin ya rabu, wata burauzar ta ce ba ta gane ba, wata ta ƙirga watanni 25 ta tura ka gaba. Wanda ya ƙi karɓa ma ya fi sauƙi wallahi, don ka san da matsala, wanda ya karɓa ya juya rana da wata shi ne mugun, takarda ta fita da kwanan da ba naka ba kuma ba wanda ya lura.

A Disamba 2009 bugu na biyar na ECMAScript ya ce to kowa ya gane salon ISO 8601, shekara, wata, rana, da karan ɗori a tsakani, kamar 2011-03-05. Wannan gyara ne mai kyau don babu ruɗani a cikinsa. Amma Internet Explorer 8 ya riga ya fito a Maris na wannan shekarar, shi in ka ba shi wannan salon NaN zai ce maka, wato ba lamba ba ce, kuma shi ya sa a wancan zamanin za ka shiga shafi ka ga an rubuta NaN/NaN/NaN a inda kwanan wata ya kamata ya fito. Sai Internet Explorer 9 a 2011 ya gyara, shi kuma ba ya hawa Windows XP, wanda shi ne a kan kusan duk tsofaffin kwamfutocin da ake shigowa da su nan a lokacin. Safari na Apple shi ma ya daɗe da nasa taurin kan, in aka raba rana da lokaci da fili maimakon harafin T sai ya ce kwanan watan ba shi da inganci alhali Chrome ya karɓa, sai masu shafuka suka koma dabarar canza karan ɗori zuwa / kafin su miƙa.

Sannan ga tambayar agogon wa. In aka rubuta kwanan wata ba a faɗi yanki ba, na GMT ne ko na garin mai karatu? Ƙa'idar 2011 ta ce GMT, ta 2015 ta ce na gida, burauzoji suka rabu, daga baya aka yi sulhun da muke kai yanzu, in rana ce kawai ba lokaci to GMT ne, in akwai lokaci a jiki to na gida ne. Ka ji fa, rubutu kusan iri ɗaya amma fassara biyu. A Amurka da suke bayan GMT abin da suke gani shi ne ranar ta koma jiya. Mu muna gaba da awa ɗaya, namu ta wata ƙofar yake shigowa, kuma na gan shi da idona.

Wani bawan Allah ya kawo 'yarsa a yi mata rajistar wata makaranta, takardar haihuwarta 1 ga Janairu 2004, kuma kowa ya san yadda 1 ga Janairu ta yi yawa a takardunmu saboda waɗanda ba a riƙe ainihin ranar ba ita ake sa musu. Na zaɓa a fom daidai, na duba sau biyu, muka tura, takardar da ta fito ta ce 31 ga Disamba 2003. Ya ce "Malam ai ba haka na ba ka ba", na ce "Baba wallahi abin da ka ba ni na sa". Abin da ya faru, shafin ya ɗauki ranar a matsayin sha biyun dare agogon Najeriya, ya juya ta GMT kafin ya tura wa sabar, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan shafin, ta zama sha ɗayan daren jiya, sabar ta yanke lokacin ta ajiye ranar. Awa ɗaya ta canza rana da wata da shekara gaba ɗaya. Da a Ghana aka yi wannan rajistar ba abin da zai faru don su a kan GMT suke. Mutumin nan sai da ya yi ta zirga-zirga da takardar rantsuwa daga kotu a kan laifin da ba nasa ba, ba kuma na 'yarsa ba, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin gyaran a wajen mai shafin layi ɗaya ne, ranar haihuwa ba lokaci ba ce, a ajiye ta a rubutu yadda aka shigar da ita kada a haɗa ta da wani agogo.

Kukis ma, ƙananan bayanan nan da shafi ke ajiyewa a burauzarka don ya tuna ka shiga, sun sha nasu. Lou Montulli ya ƙirƙiro su a Netscape a 1994, kuma ranar ƙarewarsu da shekara mai lamba biyu aka fara rubuta ta. Sai a 2011 takardar RFC 6265 ta daidaita cinta da ake yi, 70 zuwa 99 a ɗauka ƙarnin da ya wuce ne, 00 zuwa 69 na yanzu. Ga kuma katangar 2038, tsarin da ke ƙirga sakan a gurbi mai bit 32 yana cika ne a 2,147,483,647, wanda ya faɗo 19 ga Janairu 2038 da ƙarfe 3:14 na asuba agogon GMT, sakan ɗaya bayan nan sai lambar ta juye ta koma 1901. A tsofaffin burauza in ka ce kuki ya kai bayan wannan ranar sai a ɗauka ya riga ya mutu a goge shi nan take, shi ya sa kukin Google na farko aka tsayar da shi a Janairun 2038, kafin a 2007 su rage zuwa shekara biyu. Yanzu Chrome ba ya barin kuki ya wuce kwana 400 ko me ka rubuta.

Da masu rubuta shafuka suka gaji sai suka koma ɗora wasu kayan aiki a kan na burauza. Moment.js da ya fito a 2011 ya zama kamar dole a ko'ina, har a 2020 masu kula da shi da kansu suka ce a daina fara sabon aiki da shi, nauyinsa ya yi yawa, kuma mai sayen data da kuɗinsa shi ke biyan wannan nauyin. A 2012 aka kawo Intl, wanda ke nuna kwanan wata da salon kowace ƙasa, har kalandar Hijira yana yi, sai dai lissafi ne ko bin kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya, mu kuma sanarwar ganin wata daga Sarkin Musulmi muke jira, don haka kar a yi mamaki in an samu bambancin kwana ɗaya. Akwatin zaɓen rana na cikin fom shi ma ya taimaka ƙwarai, kowa ya gani da salon garinsu amma abin da ake turawa kullum shekara-wata-rana ne, kodayake Firefox sai 2017 ya kawo shi, Safari na kwamfuta sai 2021, Internet Explorer kuwa har aka yi masa ritaya a Yuni 2022 bai taɓa samu ba. Babban gyaran shi ne Temporal, sabon tsarin kwanan wata na JavaScript da aka fara tsarawa tun 2017, a cikinsa Janairu 1 ne, kuma rana zalla daban take da lokaci mai yanki, wato ainihin abin da zai hana abin da ya samu yarinyar nan. Firefox ya fara sakinsa a Mayu 2025, shekara talatin bayan waɗancan kwanaki goman.

Duk wannan ga mai sabuwar na'ura ne. In muka koma kan jan gargaɗin kafe, kowane shafi mai alamar kwado yana da satifiket, wato takardar shaidarsa, mai ranaku biyu, ranar farawa da ranar ƙarewa, burauza tana gwada su da agogon na'urarka. A Satumba 2020 aka rage wa'adin satifiket zuwa kwana 398, na Let's Encrypt, wata cibiya mai bayar da satifiket, ma kwana 90 ne, ke nan agogonka in ya kauce da 'yan watanni kawai rabin intanet zai rufe maka ƙofa. Wani lokacin kuma agogon daidai yake, satifiket ɗin tushe da aka dasa a cikin na'urar, wanda da shi ake gaskata na shafuka, shi ne wa'adinsa ya cika. Ya faru da masu Netscape 4.05 zuwa ƙasa a ƙarshen 1999 lokacin da na kamfanin VeriSign ya ƙare, ya sake faruwa 30 ga Satumba 2021 da tushen DST Root CA X3 wanda Let's Encrypt ya jingina da shi. Wayoyin Android da ke ƙasa da 7.1.1 ba su san sabon tushen ba, kuma a ƙarshen 2020 kusan kashi ɗaya cikin uku ne na duk wayoyin Android. An yi musu wata dabara ta ja su har 2024, daga nan aka sake su.

Irin wayoyin nan su ne a hannun iyayenmu da ƙannenmu, waya ta wuce hannu uku kafin ta iso, kamfanin ya daina turo mata gyara tun tuni. In aka kawo min irinta ana cewa intanet ya ƙi, abin da nake fara dubawa saitin rana da lokaci ne, in kunna na kai-tsaye daga layin waya, in tabbatar yankin na Afirka ta Yamma ne. In hakan bai yi ba sai in gwada sa Firefox idan wayar za ta ɗauka, don shi da jerin satifiket ɗinsa yake zuwa ba ya dogara da na wayar. In kwamfuta ce kuma a buɗe akwatin a canza batirin nan mai kama da kwabo, a shiga saiti a gyara ranar, sannan a kashe ta a zare wuta a sake kunnawa a ga ko ta riƙe.